Hantar Yaya a Jikin Ƙani: Nazarin Rasuwar Mai Bayar da Hanta a New York, 2002

Ranar Alhamis 10 ga Janairun 2002 aka shiga da wasu 'yan'uwa biyu ɗakin tiyata a asibitin Mount Sinai da ke birnin New York. Ƙanin, mai shekara 54, hantarsa ta gama lalacewa, dashe kawai yake jira. Yayan, mai shekara 57, lafiyarsa ƙalau, abin da takardunsa suka nuna bai wuce yawan maiƙo a jini da 'yar damuwa ba. Shi ya kawo kansa. Aka yanke ɓangaren dama na hantarsa, wajen kashi 60 cikin 100, aka dasa wa ƙanin. Aiki ya tafi lami lafiya, ko ƙarin jini ba a yi masa ba. Ranar Lahadi 13 ga wata ya cika a gadon asibitin. Ƙanin ya rayu.

A kowace irin tiyata, wanda wuƙa ta taɓa shi ne mai cin amfaninta. Wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga ya rasa ƙafa ne ya tsira da rai. Tiyatar mai bayar da sashen jiki ce kaɗai ta saɓa wa wannan: mutum ya shigo da ƙafarsa lafiya lau, ya fita da tabo da ragowar hanta, jikinsa bai ƙaru da komai ba. Hujjar likita ta ɗaukar wuƙa ita ce mutumin ya yarda, kuma wani zai rayu. Abin da wannan lamari ya tono shi ne iyakar wannan yarda: me ta halatta wa likita, me kuma ba ta taɓa ɗauke masa ba.

Abin da ya sa wa hannu

Hantar babban mutum takan kai kilo 1.2 zuwa 1.5, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Likitocin fiɗa suna kasa ta yanki 8, kowane yanki da jijiyoyin da ke kawo masa jini, da wadda ke kwashewa, da bututun da ruwan matsarmama ke bi ya fita. Yanki na 2 da na 3 su ne ɗan gefen hagu, kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ake ɗauka idan yaro za a dasa wa. Yanki na 5 zuwa na 8 su ne ɓangaren dama, kashi 60 zuwa 65 cikin 100. Hanta tana sake tofowa, mafi yawan tofowar kuma a makonnin farko ne, shi ya sa aikin ya yiwu tun asali. Sai dai kafin ta tofo, dole ragowar ta riƙe mutum.

Ma'auni biyu ne ke jan igiya. Na farko, abin da za a dasa kada ya gaza kashi 0.8 cikin 100 na nauyin mara lafiya. Idan ya gaza, jinin da ke tahowa daga hanji yakan fi ƙarfin 'yar hantar, shawara ta ƙi sauka, ciki ya tara ruwa, jini ya ƙi daskarewa. Na biyu, abin da za a bar wa mai bayarwa kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na hantarsa. A ɗauki misali: mara lafiya mai kilo 80 yana bukatar giram 640 aƙalla. Idan hantar ɗan'uwansa giram 1,400 ce, ɓangaren hagu kuma kashi 35 ne, giram 490 ke nan, bai isa ba. Dole a koma dama, a ɗauki giram 910, a bar masa 490. Idan kuwa hoton ciki ya nuna hagun kashi 27 ne kacal, babu aiki, ko da ya durƙusa yana roƙo. Duk giram ɗin da aka ƙara wa ƙani, daga jikin yaya aka rage shi, kuma likita ne ke riƙe da sikelin.

Akwai kuma jijiyar da ke kwashe jini ta tsakiyar hanta, wadda ta ratsa daidai inda ake tsagawa. In an bar ta ta bi abin da aka ɗauka, yanki na 4 na mai bayarwa yakan cushe da jini, ragowarsa ta ƙara raguwa. In an bar masa ita, yanki na 5 da na 8 na abin dashen ne za su cushe, sai an yi musu sabuwar hanya. Haka kitse: hantar da kitse ya yi wa yawa ba ta tofowa da kyau, don haka cibiyoyi da yawa ba sa son ya wuce kashi 10 cikin 100 idan dama za a ɗauka. Matsarmama kuwa cire ta ake yi gaba ɗaya.

A 2002 wannan aiki sabo ne. Ƙoda an daɗe ana ɗauka daga mai rai, tun aikin Joseph Murray a Boston ranar 23 ga Disamban 1954 tsakanin tagwaye. Hanta kuwa sai 1989 Russell Strong ya yi nasarar dasa wa yaro daga mahaifiyarsa a Brisbane ta Ostareliya. A shekarar ne likitocin Jami'ar Shikago suka yi abin da ya cancanci yabo: sun wallafa hujjojinsu da sharuɗɗan da za su bi tun kafin su yanki mutum na farko. Ɗaukar ɓangaren dama don babban mutum ya kankama a Hong Kong a 1996, ya shiga Amurka a 1997. Zuwa 2001 ana yin dashen hanta daga mai rai sama da 500 a shekara a Amurka, asibitoci suna rige-rigen buɗe sashe, babu kuma rajistar ƙasa da ke tattara abin da ya sami masu bayarwa. A wannan shekarar wasu likitocin Shikago, cikinsu har da Mark Siegler, suka yi gargaɗi a rubuce cewa abin ya yi yawa kuma ya yi sauri. Ma'ana, lokacin da wannan bawan Allah ya sa hannu, alƙaluman da ake gaya wa irinsa kintace ne.

Alƙaluman sun fito daga baya. Taron ƙwararru na Vancouver a 2005 ya ƙiyasta mutuwa kashi 0.1 cikin 100 ga mai bayar da hagu, kashi 0.5 ga mai bayar da dama, wato mutum ɗaya cikin 200. Wani bincike na cibiyoyin duniya da aka wallafa a 2013, kan masu bayarwa sama da 11,000, ya sami kashi 0.2. Binciken manyan cibiyoyin Amurka tara ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 suna gamuwa da wata matsala: yoyon ruwan matsarmama, ruɓar rauni, ruwa a gefen huhu, gudan jini, sakin ɗinkin ciki, ko matsalar damuwa. A ƙoda, mutuwa kimanin 3 ce cikin 10,000. Wanda ya bayar da daman hantarsa ya ɗauki haɗarin da ya ninka na mai bayar da ƙoda fiye da sau goma.

Kwana uku

Ranar Juma'a ya tashi da kyau, har aka bar shi ya ci abinci mai nauyi da aka kawo masa daga waje. Ranar Asabar bugun zuciyarsa ya ƙaru, shaƙuwa ta kama shi, zuciyarsa tana tashi. Ranar Lahadi ya fara aman wani abu baƙi-baƙi kamar dusar kofi, ƙarfin jininsa ya faɗi warwas, jinin ya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu. An yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, bai yiwu ba.

Nan ya kamata a tsaya, domin kowace alama cikin waɗannan tana da abin da take faɗa wa wanda ya san aikin. Mutumin da aka cire wa kashi 60 na hanta, idan zuciyarsa ta fara gudu kwana biyu da tiyata, ba a cewa zafin ciwo ne ko tsoro sai an kore abu huɗu: jini na zuba a ciki, ƙwayar cuta ta shiga jini, ruwan matsarmama na yoyo, ko gudan jini ya toshe jijiyar huhu. Korewar kuma ba da ido ake yi ba. Ana maimaita awon jini a ga ko ya sauka, a duba saurin daskarewarsa, da yawan sinadarin shawara, da tsamin jini, da gishirin fosfet wanda hanta mai tofowa ke zuƙewa. Ana auna fitsari awa-awa, kada ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin jiki. Ana ɗora na'urar hoton ciki a ga ko jini na gudu a jijiyoyin hanta, ko ruwa ya taru a inda aka yanka.

Shaƙuwar da ta ƙi tsayawa bayan tiyatar saman ciki ba abin wasa ba ce. Tana nufin wani abu na taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki: ko tumbi ya kumbura ya ƙi saukar da abinci, ko ruwa ko mugunya sun taru a ƙarƙashinsa. Idan ta haɗu da tashin zuciya, a tsayar da ci da sha, a zura roba ta hanci a zuƙe abin da ke tumbi. Maganin hana amai shi kaɗai rufe bakin mai kawo labari ne. Amai mai kama da dusar kofi kuwa jini ne da ruwan tumbi ya dafa. Daga wannan lokacin babu sauran jira: babban likitan fiɗa ya zo bakin gado da kansa, a mayar da mara lafiya ɗakin kulawa ta musamman, a tanadi jini, a kare hanyar numfashi tun yana da ƙarfin tari. Wanda ya galabaita yana kwance rigingine yana amai, huhunsa ne ke karɓa.

Binciken gawa ya nuna ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens ta ruɓar da bangon tumbinsa. Ƙwaya ce da ke zaune a ƙasa da cikin hanji, tana hayayyafa inda iska ba ta kaiwa, tana fitar da guba da iskar da ke kashe nama cikin awoyi. Daga wannan ruɓar jinin ya ɓalle.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar New York, ƙarƙashin Kwamishina Antonia Novello, ta fitar da rahotonta a watan Maris na 2002. Ba ta sami laifi a yadda aka yi fiɗar ba. Laifin duk a bayan tiyata yake. Likitan da ya yanke shi bai dawo ya duba shi ba. Ranar da ya rasu an bar likita guda, 'yar shekarar farko a neman ƙwarewa, wadda ba ta wuce kwana 12 a sashen ba, da marasa lafiya 34. Aka ci asibitin tarar dala 48,000 kan laifuka 18, aka dakatar da dashen hanta daga mai rai zuwa babban mutum na wata shida, daga baya aka tsawaita.

A 2004 likitocin da suka yi aikin sun wallafa nasu bayanin, inda suka nuna cuta ce mai wuyar samu, mai kisa cikin gaggawa. Wannan gaskiya ne. Rahoton jiha ma gaskiya ne, kuma ɗaya bai soke ɗaya ba. Mai yiwuwa ko da an taru a kansa tun Asabar gubar ta riga ta yi nisa. Amma alhakin likita ba a auna shi da ko mutum zai tsira, ana auna shi da ko an yi masa abin da aka ɗauki alkawari. Ba daidai ba ne kuma a jibga wa ƙaramar likitar nan laifin. Wanda ya tsara jadawalin da ya bar ta ita kaɗai, da wanda ya sa tiyatar ranar Alhamis alhali ya san kwana na biyu da na uku, lokacin da matsala ta fi fitowa, za su faɗa Asabar da Lahadi, su ne ke da amsar bayarwa.

Akwai wani abu da duk wanda ya yi aiki a irin wannan sashe ya sani. A ɗakin da ke cike da waɗanda aka dasa wa hanta, masu kumburi, masu zazzaɓi, masu magagi, mai bayarwa shi ne lafiyayye. Shi ake gani a ƙarshe. Kokensa ake ji da kunnen “ai wannan ba shi da komai”. Lafiyar da ta sa aka zaɓe shi ita ce ke sa a yi sakaci da shi.

Iyakar yarda

Masu cewa likita kada ya taɓa lafiyayye sam suna da hujja tsohuwa: aikin likita kada ya cutar. Amma bin wannan har ƙarshe yana nufin a hana uwa ceton ɗanta da ɗan gefen hantarta, a kuma ce wa babban mutum mai hankali bai isa ya yi sadaukarwa ba. Mutane suna faɗawa kogi don ɗan'uwa, suna shiga gidan da ke ci da wuta, kuma yabonsu ake yi. Wanda ƙaninsa ke mutuwa a gabansa, hana shi taimako ma cuta ce, wadda zai ɗauka har kabarinsa.

Masu cewa yarda ta wadatar kuwa sun fi kuskure. Da haka ne, da uban da ya ce a cire zuciyarsa a ba ɗansa an cire, da mai ƙoda ɗaya da ya ce a ɗauke ta an ɗauke. Babu likitan kirki da zai yi, kuma ba don yana shakkar gaskiyar uban ba. Bambancin mai faɗawa kogi da mai bayar da hanta shi ne na farko shi ya jefa kansa, na biyu kuwa hannun wani ne zai tsaga masa ciki yana barci. Wannan hannun yana da mai shi. Likita ba wuƙa ba ne da za a ce duk wanda ya riƙe ta shi ke da alhaki. Yana da ikon ya ƙi, wani lokaci ma wajibi ne ya ƙi. Shi ya sa masana suka tsaya a kan cewa a auna ɓangare biyu tare: haɗarin mai bayarwa ya zama mafi ƙanƙanta da za a iya, kuma damar mara lafiya ta rayuwa ta kai a yi kasadar dominta. Idan cutar daji ta riga ta bazu, ko mara lafiya ya yi nisan da da wuya ya tashi, ba a yanka lafiyayye don a faranta wa dangi, duk yadda ya nace.

Sannan ita kanta yardar ba kamar yadda takarda ke nunawa take ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 likitocin ƙwaƙwalwa da suka zauna da masu bayar da ƙoda a Amurka suka lura cewa yawancinsu sun yanke shawara ne nan take, da jin labari, kafin a gaya musu haɗari ko ɗaya. Bayanin da ke zuwa daga baya saurarensa kawai suke yi. Wannan bai ɓata yardar ba, haka ƙauna take. Amma yana nufin mai bayarwa ba zai kare kansa ba. Ɗaya cikin 200 ba ya shiga kunnen wanda ƙaninsa ke kwance ido ya yi ɗorawa. Tun da shi ba zai auna ba, nauyin aunawar ya koma kan likita, ya ƙaru, bai ragu ba.

Abu na ƙarshe shi ne zuciyar wannan lamari. Mutumin nan ya yarda da haɗarin wuƙa: jini, yoyo, ƙwayar cuta, har mutuwa. Waɗannan su ne haɗuran da ƙwarewa ba ta iya kawarwa. Bai yarda da cewa ranar Lahadi likita ɗaya za ta riƙe mutum 34 ba, domin ba a gaya masa ba, kuma ba abin da za a nemi yardarsa a kai ba ne. Haɗarin da asibiti zai iya kawarwa da kuɗi ko da tsari, sa hannun mara lafiya ba ya rufe shi. Asibitin da ba shi da ma'aikatan da za su tsaya a kan mai bayarwa dare da rana har ya fita, ba shi da hurumin karɓar sadaukarwarsa, ko da likitansa ya fi kowa iya fiɗa.

A kuma faɗi abin da ba a son faɗa: sau da yawa likitocin da ke tantance mai bayarwa a wancan zamani su ne masu jinyar mara lafiya, sun shekara suna kallonsa yana ƙarewa, suna son ya rayu. Sashen dashe kuma suna ne da kuɗi ga asibiti. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin irin wannan ya karkatar masa da ido.

Abin da ya canza

Jihar New York ta kafa kwamiti, ya ba da rahoto a Disamban 2002, shawarwarinsa suka zama doka a 2004. Matar mamacin ta tsaya tsayin daka a wannan fafutuka. Babban abin da aka kawo shi ne tawaga ta musamman mai tsaya wa mai bayarwa, wadda ba ruwanta da jinyar mara lafiya. Aka ƙayyade nas ɗaya ga mutum 2 a ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya ga mutum 4 a ɗakin jinya. A 2007 gwamnatin tarayyar Amurka ta wajabta wa kowace cibiyar dashe ta samar da mai tsaya wa mai bayarwa. Yawan dashen hanta daga mai rai a Amurka ya faɗo ƙasa da 400 a 2002, kodayake sabon tsarin raba hantar mamata bisa tsananin ciwo, wanda ya fara a Fabrairun shekarar, shi ma ya taimaka wajen faɗuwar.

Yadda ake yi yanzu a cibiya mai tsari: mai bayarwa shi zai tuntuɓi asibiti da kansa, ba a aiko shi ba. A duba rukunin jini, shekaru, galibi 18 zuwa 60, da ƙiba. A gwada ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, da lafiyar zuciya da huhu, da ko jininsa na da saurin yin guda. A ɗauki hoton da ke auna girman kowane ɓangare da shimfiɗar jijiyoyi, da wani na bututun matsarmama, domin mutane da yawa bututunsu ya saɓa wa na littafi, kuma yanka bisa zato shi ke jawo yoyo ko tsukewa. In ana shakkar kitse a tsakuri hantar da allura. Sai zama da likitan ƙwaƙwalwa da jami'in walwala, shi kaɗai, ba mata, ba uwa, ba wanda ya biya masa kuɗin mota. Sai a ba shi kwanaki ya kwana da maganar. Yana da ikon fasawa har zuwa lokacin da za a sa masa maganin barci. Fiye da rabin waɗanda suka fara wannan tantancewa ba sa kaiwa ɗakin tiyata.

Wanda ya ji tsoro amma ya kasa fuskantar danginsa, tawagarsa takan rufa masa asiri: a ce wa iyali “ba a same shi ya dace ba”, a tsaya nan. Wasu suna ganin wannan yaudara ce. Hanya mafi tsabta ita ce kada a ƙirƙiro masa ciwon da ba shi da shi, kada a rubuta ƙarya a fayil, kuma tun ranar farko a sanar da kowa cewa dalilin ƙin ɗaukar mutum sirri ne, ko mene ne. Idan babu wannan ƙofa, “na yarda” ɗin da yawa kunya ce kawai.

Duk da haka haɗarin bai gushe ba. A 2010 wasu masu bayar da hanta biyu sun rasu a Amurka, ɗaya a Massachusetts, ɗaya a Colorado.

Inda abin ya shafe mu

A shekarar 2002 ɗin nan ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda. Masu bukatar dashen hanta daga Najeriya da Nijar kuwa galibi Indiya ko Masar ake kai su, tare da ɗan'uwan da zai bayar. A nan matsin ya fi na New York nauyi. Ciwon hanta nau'in B yana bin gida, daga uwa zuwa 'ya'ya da tsakanin yara, don haka in aka gwada 'yan ɗaki ɗaya sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke fita ba su da shi, ido duk ya koma kansu. Ɗan'uwa rabin jiki ne, haka ne. Amma ƙanin da yaya ya yi wa aure, ko matar da ke gudun gorin dangin miji, ko yaron gidan da Alhaji ke ɗauke da nauyinsa, da wane baki zai ce a'a? Idan kuma tafinta a asibitin ɗan mara lafiyar ne, babu wata ganawar sirri da aka yi. Shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawan Najeriya, a Landan a 2023 ta nuna amfanin wannan ganawa: likita ne ya lura saurayin da aka kawo daga Legas don ya ba 'yar Ekweremadu ƙoda bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi ɗaukarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki a Najeriya, amma kara da kawaici ba ciniki ba ne, doka ba ta ganinsu.

Malamai ma a kan wannan sikeli suka tsaya. Tsakanin ayar Baƙara da ta hana jefa kai ga halaka da ayar Ma'ida kan wanda ya raya rai guda, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashe da sharuɗɗa, ta haramta ɗaukar gaɓar da rayuwar mutum ta dogara a kanta, ta haramta sayarwa. Sai dai wanda zai ce wannan cutarwa ƙarama ce ko babba, ragowar kashi 35 ce ko 27, likita ne. Fatawar a kan amanarsa ta rataya.

Wurin da aka fi yin asara shi ne bayan dawowa. Kuɗin da dangi suka tara duk na mara lafiya ne, na tiyata da magungunan hana jiki ƙin dashe, ba a ware ko sisi don mai bayarwa. Yakan hau jirgi makonni kaɗan da tiyata, ya sauka Kano ko Yamai, daga nan babu mai tambayarsa. Kafin ya baro asibitin ya karɓi rahoton tiyatar da ke nuna yankunan da aka cire da yadda aka rufe bututun matsarmama, da sakamakon awon jininsa na ƙarshe, da sunan likitan da za a kira. A jirgi ya riƙa tashi yana takawa saboda gudan jini. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi har wata biyu zuwa uku, manomi da ɗan dako su lissafa wannan tun kafin su yarda, su san wa zai ciyar da gida. Ya guji jiƙe-jiƙe da maganin da ba likita ya rubuta ba muddin hantar na tofowa. A Amurka ana bin mai bayarwa a wata 6, da 12, da 24, a auna jininsa, kuma bai kamata namu ya gaza haka ba. Idan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi, ko zazzaɓi ya zo da ciwo a saman ciki ta dama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura numfashi ya yi wuya, ba shagon magani zai je a ba shi maganin maleriya ba. Asibitin koyarwa zai nufa a ranar, da rahoton tiyatarsa a hannu, ya fara da gaya wa likita cewa an cire masa ɓangaren dama na hanta da kuma ranar da aka yi.